Zogale, dogon yaro, magarya, lalle ko tsamiya: wanne ya dace da tsakar gidanka?

Ƙanena ya gama ginin gidansa a bayan garin Gusau ranin da ya wuce, ɗaki uku da kicin, sai ɗan fili da ya rage tsakanin rijiya da katangar gabas. Ya ce itace zai sa a wurin. Kafin sati ya zagayo ya sha shawara har ta ishe shi. Inna ta ce magarya, don gidan da ke da magarya ba ya rasa abin wanka ranar da aka ji jiki ba daidai ba. Matarsa ta ce zogale da lalle. Abokansa suka ce dogon yaro, saboda inuwa. Shi kuwa ransa na kan tsamiya, irin wadda muka taso muka tarar a ƙofar gidan kakanmu. Da Gwaggo ta ji zancen tsamiya, cewa ta yi in ya shuka ta, to ita ta gama kwana a gidan.

A da wannan ba abin dogon tunani ba ne. Mai son sabara ko ɓawon marke sai ya aiki yaro bayan gari, ko ya jira matan ƙauye su kawo ranar kasuwa. Yanzu duk mutumin Zamfara ya san abin da shiga daji ya zama. Masu kawo ganye sun ragu, abin da ke isowa ya yi tsada, sai garin magani a ƙulle cikin leda ya cika kasuwa, wanda ba ka san abin da aka daka a ciki ba. Shi ya sa shuka itacen magani a gida ta dawo da daraja, kuma shi ya sa nake ganin bai kamata a zaɓa da ka ba.

Abin da na auna da shi

Na farko kuɗi. Kuɗin dashe kansa bai taka kara ya karya ba. Inda kuɗi ke tafiya shi ne ban-ruwa a rani biyun farko, musamman gidan da 'yan garuwa ke kawo wa ruwa, sai shingen da za a kare dashen daga awaki, sai gyaran katanga in saiwa ta tsaga ta bayan shekaru.

Na biyu juriya. Daga Oktoba zuwa Mayu kusan ba ma ganin ruwan sama, a Afrilu kuma zafi na haura digiri 40. Ga gara, ga iskar farkon damina mai karya reshe.

Na uku sauƙi: yaushe za a fara morar sa, kuma ko matar gida za ta iya tsinka da hannunta ba sai an nemo mai hawa ba.

Na huɗu haɗari, ga jariri, ga mai ciki, ga ginin kansa.

Na biyar amfani, kuma a nan na raba shi gida uku: wanda ido ya gani kuma likitoci ba su musa ba, wanda ya zo a littattafan addini, da wanda muka gada daga bakin kakanni. Ban raina na ukun ba. Itacen da mutanen gida ke jin tsoronsa, ko ba jima ko ba daɗe gatari zai hau kansa, wahalar ban-ruwan shekaru ta tafi a banza. Abin da na ƙi sawa a ma'auni shi ne yawan cututtukan da ake cewa ganye na warkarwa, domin da wannan ake aunawa da kowane ganye ya ci jarrabawa a bakin mai tallarsa.

Zogale

A nan wasu kan ce zogala. Asalinsa daga arewacin Indiya ne, amma ya zauna da mu har ya zama ɗan gida. Wajen kuɗi babu wanda ya kai shi araha: ka roƙi maƙwabci reshe mai kaurin hannu, ka kafa shi a farkon damina, ko ka binne 'ya'yansa. Cikin wata biyu zuwa uku an fara tsinkar ganye, a shekara guda kuma ya wuce katanga. Dabarar ita ce a riƙa sare kansa daidai ƙugun mutum ko ƙirji, don ya yi rassa ta gefe. In aka ƙyale shi sai ya miƙe siriri, ganyen ya tafi inda hannu ba ya kaiwa.

Rauninsa jiki. Itacensa taushi gare shi, gara na son sa, iska na karya shi, kuma in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki sai saiwar ta ruɓe. Akuya kuwa ba ta ganin sa ta wuce. Ba itacen da za ka bar wa jikoki ba ne, amma da yake sake kafa shi bai wuce yanke reshe ba, wannan bai dame ni ba. Saiwarsa ba ta yawo, don haka ana iya jera shi kusa da katanga.

Amfaninsa na gaskiya abinci ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa, ko a watsa shi cikin dambu ko miya. Ganyen na ɗauke da sinadaran ƙarin jini da gina jiki da ƙarfafa ƙashi, ga mai shayarwa da yaron da aka yaye wannan ba ƙaramin abu ba ne. In za a shanya shi a shanya a inuwa, rana na kashe wani ɓangare na amfaninsa. 'Ya'yansa in an daka aka zuba a ruwa mai laka suna sa dattin ya kwanta, sai dai ba su kashe duk ƙwayoyin cuta, dole a tafasa ruwan in na sha ne.

Inda ake wuce gona da iri shi ne zancen ciwon suga da hawan jini. Akwai alamar ganyen na ɗan sauke sukari, amma bai kai a ajiye maganin asibiti dominsa ba, kuma mai haɗa su biyu ya kamata ya riƙa awo. Haɗiye 'ya'yan da yawa na tsinka ciki. Saiwa da ɓawon saiwa kuwa mai ciki ta nisance su gaba ɗaya. Ta fuskar camfi zogale ba shi da abokin gaba, ban taɓa ganin tsohuwar da ta ƙi shiga gida saboda shi ba.

Dogon yaro

Shi Kanawa ke kira darbejiya. Da yawa cikinmu na ɗauka tun fil'azal yana ƙasar nan, alhali baƙo ne daga Indiya, wanda aka fara shukawa a Borno a wajajen 1928, daga can ya bazu. Shi ya sa ba za ka ji shi cikin tsofaffin labaran iskoki ba kamar tsamiya da kuka. Bai daɗe da zai tara irin wannan tarihin ba.

Dashensa kyauta ne ga mai so, domin tsuntsaye da jemagu na yar da 'ya'yansa, duk damina za ka ga ƙanana sun fito a gindin manya. Juriya kuwa sai dai a sara masa. In ya wuce rani biyu ya gama neman ruwanka, gara ba ta cika kula shi ba, kuma a bazara lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare shi yana nan kore. Wanda ya taɓa zama a gindinsa da azahar a watan Afrilu ya san abin da ya sa aka jera shi a titunan Gusau da Ƙauran Namoda da harabar makarantu. Reshensa asuwaki ne mai kyau. Busasshen ganyensa ko garin 'ya'yansa ana zubawa cikin wake da hatsi don rage ƙwari, wannan kuwa manoma sun gwada, masu bincike ma sun tabbatar. Ganyen da aka tafasa ana wanka da shi don ƙaiƙayi da ƙuraje, ana kuma shimfiɗa ɗanyensa ga mai ƙarambau.

Amma a ƙaramin gida ina jin tsoronsa, saboda abu biyu. Na ɗaya saiwa. Tana bin danshi duk inda yake, ta shiga sokawe, ta ɗaga daɓe, ta tsaga katanga. Wanda ba shi da filin da zai ba shi taku takwas ko goma daga kowane gini, to ya kai shi ƙofar gida.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, yadda muka ɗora masa nauyin da ba zai iya ba. A wurinmu da an ce zazzaɓi sai a ce a tafasa dogon yaro, a sha, a yi surace. Babba kan ji sauƙi bayan ya yi gumi, amma ɗacin ganyen ba ya tabbatar da cewa ƙwayar maleriya ta bar jini. Na ga yaron maƙwabta da aka yi kwana uku ana ɗura masa ruwan ganyen a tsakiyar damina, sai da ya fara jijjiga aka ruga da shi asibiti, aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Allah ya yi da sauran kwana. Uwarsa ba sakaci ta yi ba, abin da ta ga an yi mata shi ta yi wa ɗanta. Yaron da jikinsa ya yi zafi a yi masa gwajin jini a ranar, gwajin ɗan tsinke ne na 'yan mintoci. Haka kuma maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, kada a ƙi karɓa don akwai itace a gida. Man 'ya'yan dogon yaro kuma kada ya kusanci bakin jariri ko kaɗan. A Indiya da Maleshiya likitoci sun rubuta labarin jarirai da aka ba su shi suka kama amai da jijjiga, wasu suka rasu. Mai ciki da mai neman haihuwa su ma su bar shan ruwan ganyen.

Sai wankan jego, inda ake tsoma rassansa a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa jiki har kwana arba'in. Laifin ba na ganyen ba ne. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego da tsananin zafin wankan, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa, da yawan shan kunun kanwa. A sassauta zafin ruwan, a rage kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta, ba ƙarin itace za a yi wa tukunya ba.

Magarya

Ita ce zaɓin Inna, kuma da na zauna na auna sai na ga tsohuwar ta fi mu hangen nesa, ko da yake dalilina da nata ba su zama ɗaya ba.

Magarya 'yar ƙasa ce, ta san raninmu tun kafin a haife mu. Saiwarta ƙasa take nutsawa neman ruwa, ba ta cika bin gefe ta dami gini ba. Ba ta girma ta mamaye gida, ana kuma iya yi mata aski ta tsaya yadda ake so. Wahalarta a farko take: ƙwallon na da tauri, sai an fasa shi a hankali an ciro ƙwayar ciki kafin ya tsiro da wuri, kuma daga iri sai an jira shekara uku zuwa huɗu kafin a ci 'ya'ya. Ganye dai ana samu tun kafin nan. Akwai magarya mai aure, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai ta yaɗa a Nijar, 'ya'yanta manya kamar ƙaramar tuffa, tana kuma saurin haihuwa. Ta fi tsada, ta fi son ruwa, kuma ba ko'ina ake samun ta ba. Wanda ganye ne buƙatarsa, ta gargajiya ta ishe shi. A kula kada a ɗauko magaryar kura, ita daban ce.

'Ya'yan na nuna da sanyin hunturu, yara na son su, suna kuma da sinadarin nan da ake nema a lemo. Ganyen in an daka shi da ruwa yana kumfa, shi ya sa tun da ake wanke kai da jiki da shi.

Darajarta a wurinmu dai daga addini ta fi fitowa. Itacen da Larabawa ke kira sidir, malamanmu magarya suka fassara shi, har muna cewa magaryar tuƙewa ga wadda aka ambata a Suratun Najmi. Masana tsirrai na cewa sidir ɗin ƙasar Larabawa ya fi kusa da kurna, amma kurna da magarya 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma ganyensu aiki ɗaya yake yi. A Bukhari da Muslim akwai hadisin Ummu Aɗiyya, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a wanke gawar 'yarsa da ruwa da sidir. Wannan ingantacce ne, kuma shi kaɗai ya isa a so a samu magarya a unguwa, don ranar da aka yi rashi kada a shiga neman ganye.

Sai maganar ganye bakwai da ake dakawa a zuba a ruwa, a yi tofin Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a sha a yi wanka don karya sihiri ko sammu. Mutane da yawa na ɗauka hadisi ne. Ba hadisi ba ne. An samo shi daga Wahbu ɗan Munabbihi, ɗaya daga cikin tabi'ai, Ibnu Hajar ya kawo shi a Fathul Bari, malamai da dama kuma suka ce babu laifi a yi. Na faɗi haka ne don a san matsayin kowane abu. Abin da ya sa hankalina ya kwanta da wannan al'ada shi ne ba ta cutarwa: ganye bakwai a bokitin ruwa ba zai taɓa hanta ko ƙoda ba, kuma mai magarya a tsakar gida ba ya buƙatar kai kuɗinsa wurin wanda zai ce masa sai an yanka baƙin bunsuru ko an binne laya. Haɗarin ɗaya ne, a ɗauki farfaɗiya ko taɓin hankali ko jijjigar yaro a ce sammu ne, a tsaya kan wanka kawai har lokaci ya ƙure. A yi tofin, a kuma je a ga likita, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Aibinta ƙaya. Ƙayar magarya lanƙwasasshiya ce, tana kama zane, tana shiga ƙafar yaro. Ba mamaki da Suratul Waƙi'a ta siffanta magaryar Aljanna da cewa an cire mata ƙaya. Ta duniya kam sai a kai ta lungu, nesa da inda yara ke rarrafe, a riƙa share abin da ya zubo.

Lalle

Wannan ba sai an tsaya dogon bayani ba. Ana kafa shi da reshe, yana son zafi, yana jure rani, ba ya cin wuri, in an jera shi ma shinge ne mai ƙamshin fure. A shekara guda an fara yankan ganye a shanya a daka. Gidan da ke da 'yan mata zai rage kuɗin ƙunshi, har a sayar da saura lokacin salla da bukukuwa. Ana sa shi a tafin ƙafa don sanyi da kaushi, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi kan sa a ɗora lalle a kan rauni. Tsofaffi na cewa lallen amarya na kare ta daga kambun baka, wannan kuwa al'ada ce.

Gargaɗi biyu. Kada a shafa wa jariri lalle a jiki. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, abin ya yawaita a ƙasarmu musamman ga maza, kuma lalle na iya farfasa musu jini su yi shawara mai tsanani, kamar yadda ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai ke yi. Na biyu, baƙin lallen kasuwa da ake haɗawa da rinin gashi ba lalle ba ne, shi ke ƙona fatar mata. Saiwar lalle kuma ba ta mai ciki ba ce.

Tsamiya

Duk cikin biyar ɗin babu mai tsawon ranta, tana haura shekara ɗari. Babu kuma mai jinkirinta: daga iri sai ka yi shekara bakwai ko fiye kafin ka jiƙa tsamiyar gidanka. Iri kyauta ne, in ta kafu ba ta neman komai, itacenta kuma tauri gare shi kamar ƙarfe. Amfaninta ba a gardama a kai. Kunun tsamiya da azumi, jiƙonta ga wanda cikinsa ya ɗaure, ɗan tsaminta ga mai zazzaɓin da bakinsa ya ƙi abinci. Mai gyambon ciki dai ya sassauta.

Matsalarta girma. Tsamiya ba itacen fili mai tabarma huɗu ba ce. Inuwarta na da duhu, kusan babu abin da ke tsirowa a gindinta, kuma nan da shekara ashirin rassanta na kan rufin maƙwabci.

Sai batun Gwaggo. Duk ƙasar Hausa an san tsamiya da kuka a matsayin mazaunin iskoki. 'Yan bori na kai musu sadaka a gindinta, an kuma hana mu zama ƙarƙashinta da tsakar rana ko bayan magariba tun muna yara. Ni na yi imani da samuwar aljanu kamar kowane Musulmi, amma ban san wani nassi da ya ware tsamiya ya ce gidansu ce ba, kuma mun yi wasa a gindin ta kakanmu shekara da shekaru lafiya lau. Duk da haka ba zan ce wa kowa ya shuka ta a tsakar gida a kan rashin yardar iyayensa ko matarsa ba. Ranar da yaro ya farka da kuka cikin dare, tsamiyar za a kalla. Ranar da aka yi ɓari, ita za a zarga. Zaman gidan zai yi tsami kafin itacen ya yi 'ya'ya. Wurinta gona, ko ƙofar masallaci, ko filin makaranta.

| Itace | Kuɗi | Juriya | Fara amfani | Wurin da yake ci | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Zogale | Kyauta, sai shinge | Matsakaiciya | Wata 2 zuwa 3 | Kaɗan | Saiwa ga mai ciki |
| Dogon yaro | Kyauta, gyaran gini daga baya | Sosai | Ganye a shekara 1, inuwa a 3 zuwa 4 | Da yawa | Jinkirta gwajin zazzaɓi, mai ga jariri, tsaga gini |
| Magarya | Araha, mai aure ta fi tsada | Sosai | Ganye a shekara 1 zuwa 2, 'ya'ya a 3 zuwa 4 | Matsakaici | Ƙaya |
| Lalle | Kyauta ko araha | Mai kyau | Kimanin shekara 1 | Kaɗan | Shafa wa jariri |
| Tsamiya | Kyauta | Fiye da kowa | Shekara 7 ko fiye | Da yawa ƙwarai | Girma, da tsoron mutanen gida |

Waɗanda ban sa a jerin ba

Wani zai ce ina sabara, alhali ita masu jego da masu gudawa suka fi nema? Sabara 'yar gona ce, ba ta cika son tsakar gida ba. Mai gona kusa da gari ya daina tumɓuke kututturenta lokacin sassabe, ya bar reshe biyu ko uku su tashi. Haka manoman Maraɗi suka yi tun daga shekarun 1980 har gonakinsu suka sake cika da itatuwa.

Akwai kuma waɗanda zan roƙi kowa kada ya bari su zauna inda yara suke, komai abin da aka ce suna korewa. Zaƙami na gusar da hankali, yana kuma kisa. Ruwan tumfafiya na lalata ido. 'Ya'yan bini-da-zugu da na zurma na kama da abin ci, yaro na taunawa sai amai da gudawa, na zurma ma har rai suna ɗauka. Sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna ana turara ta don iskoki, saiwarta dafi ce in aka sha da yawa. Tsirran tsari irin su ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya kuwa, sunansu ne ke aiki a zukatan mutane, ban ga dalilin ba su wurin da zogale zai zauna ba.

Mutanen Anka da Bukkuyum da duk inda aka taɓa niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ku ƙara kula da ƙasar kanta. Gubar dalma da ta bayyana a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, kuma a ƙurar tsakar gida take zama. Kada a shuka ganyen ci a irin wannan wuri sai an tabbatar an kwashe tsohuwar ƙasar, kada a shanya ganye a ƙasa, a kuma wanke shi sosai kafin ya shiga tukunya.

Wa ya dace da wanne

In gidanka ƙarami ne, ga mai shayarwa ga yara ƙanana, zogale za ka fara da shi, uku ko huɗu a jere, ka kewaye su da ƙaya ko tsohon gidan sauro saboda awaki. Haka ɗan haya, domin zogale kaɗai ne zai ci moriyarsa kafin ya tashi.

In abin da ke ranka wanka da tofi ne, ko kana son abin da za a tarar ranar rasuwa, ko kai mai yawan tafiya ne ba ka da mai ban-ruwa, magarya, a lungun da yara ba su zuwa.

In zafi ne ya dame ka kuma kana da fili, dogon yaro, amma a waje, inda zai yi wa ƙofar gida inuwa ba tare da ya kai ga sokawe ba. Mai ajiye wake da hatsi ma zai more shi.

In gidan mata ne da 'yan mata, ko ana neman ɗan abin sayarwa daga cikin gida, lalle a bakin katanga. Ba ya hana a shuka wani abu kusa da shi.

In kana da gona ko babban fili, kuma jikoki kake yi wa tanadi, tsamiya.

Ƙanena dai da ruwan farko ya sauka ya kafa zogale uku a jikin katangar gabas, matarsa ta sa lalle a bayan kicin, Inna da kanta ta nuna lungun da aka binne ƙwayar magarya. Dogon yaro na ƙofar gida cikin tsohuwar taya. 'Ya'yan tsamiyar kuwa suna cikin gwangwani a ɗakinsa, ya ce zai kai su gonarmu ta ƙauye ranar da hanyar ta sake biyuwa.